Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin 'yan agaji, 'yan sintiri da masu gadi na Sakkwato: a saurara kafin a danna oba-oba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena da yayyena shugabannin ƙungiyoyin agaji, kwamandojin 'yan sintiri na unguwanni, da masu kula da ma'aikatan gadi a birnin Sakkwato da kewaye, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi wa jama'a dare da rana, da yawanku ba tare da ana biyan ku ko sisin kwabo ba.

Ni mai gyaran rediyo ne a nan cikin gari. A 'yan shekarun nan oba-oba ta fi komai yawa a kan teburina, kuma galibinta ta yaranku ce. Ni ke canza musu eriya in ta karye, ni ke sa musu layi, ni kuma ke jin ƙorafinsu idan sun dawo daga aiki. Shi ya sa na ga gara in rubuto muku a fili inda kowa zai gani, da in riƙa faɗa wa yara ɗaya bayan ɗaya a bakin shago. Roƙona guda ne. Ku mayar da shi doka a ƙungiyoyinku, doka mai ƙarfi irin ta sa kaki da zuwa fareti, cewa babu wanda zai danna maɓallin magana sai ya tabbatar babu kowa a kan layi. Ku koyar da yadda ake tabbatarwa, domin abin yana da hanya. Sannan, da girman kujerunku, ku fara da kanku.

Oba-oba daban take da wayar salula. A waya mutum biyu na iya magana lokaci guda, kowa na jin kowa, har a yi gardama a katse juna. Ita kuwa bakinta da kunnenta ba sa aiki tare. Da zarar yatsa ya sauka a kan maɓallin gefe, wanda aka rubuta PTT a kansa, ta toshe kunne ke nan, ba za ta ƙara jin komai ba sai an saki. Saboda haka wanda ya hau kan maganar wani ba ya taɓa sanin ya hau. Zai kammala bayaninsa tsaf, ya ce oba, ya mayar da ita ƙugu hankalinsa kwance. Wanda aka hau kansa shi ma haka zai yi. Mutum biyu sun yi magana, kowannensu ya sakankance saƙonsa ya isa, alhali wanda ke zaune a kwantirol, wato teburin da ke karɓar kiran kowa, ko dai ɗaya kawai ya ji, ko kuwa gurnani ya ji.

Wanda ake ji ɗin kuma ba sa'a ce ke zaɓen sa ba. Na'urorin da muke riƙewa da tsarin FM suke aiki, shi kuma FM yana da wata ɗabi'a: idan sigina biyu suka iso tare a kan mita ɗaya, na'ura mai karɓa takan cafke mai ƙarfin, ta watsar da mai raunin gaba ɗaya. Ko ƙasa-ƙasa ba a jin sa. Sai in ƙarfinsu ya zo kusan ɗaya ne ake jin kwaramniya, a gane an yi karo. To wa ke da ƙarfi a tsakaninmu? Wanda ke tsaye kusa da kwantirol. Wanda ke da ta mota mai wat 25 ko 50 da doguwar eriya a kan rufi. Mai rauni kuwa shi ne yaron da aka ajiye a can ƙarshen sahu, ko a bakin gari wajen More ko Kwannawa, da ta hannu mai wat 4 ko 5, batirinta ya sha zafin Sakkwato tun hantsi. Shi ne kuma aka tura can don ya ga abin da ku ba ku gani. Duk lokacin da aka yi karo a kan layi, muryarsa ce ke ɓacewa, kuma babu wata alama da za ta nuna ya ma yi magana. Wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni.

Wata ƙaramar sallah na tsaya kusa da teburin kwantirol na wata ƙungiya a wani filin idi, saboda ni na haɗa musu na'urorin. Liman bai iso ba, rana ta fara cizo, sahu ya kai har bakin titi. Wani babba daga cikin shugabanni, yana tsaye dab da teburin, ya ɗauki tasa ya shiga jero umarni: a gyara nan, a matsar da masu babura, a bar hanyar motar liman, a ce wa wane ya zo, a gaishe da wane. Ya daɗe bai ɗaga yatsa ba. Da ya saki, sai muka ji wutsiyar wata murya can nesa: "...ruwa, da sauri, oba." Mai kwantirol ya ce, "Wa ka magana? Ban jiya ba, maimaita." Kafin yaron ya buɗe baki, wani na kusa ya riga ya danna yana cewa, "An gama, ranka ya daɗe, yanzu za a matsar da su." Can sai ga yaron da kansa ya ratso sahu a guje, zufa ta jiƙa kakinsa sharkaf, oba-oba a hannu, yana haki. Wani dattijo ne ya yanke jiki ya faɗi a sahun baya, ya yi ta kira babu amsa. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, aka kai dattijon inuwa, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Bayan sallah aka miƙo mini na'urar yaron, wai ta lalace. Na gwada ta a gabansu, lafiyarta ƙalau.

Mutum uku ne suka yi kuskure a wurin, kuma babu ɗayansu da ya yi da gangan. Babban ya riƙe layi bai bar tazara ba. Mai amsa masa ya danna a lokacin da kwantirol ya riga ya ba yaron layi. Shi ma yaron ba wanda ya taɓa gaya masa cewa yin kira a kan maganar wani ɓata numfashi ne, gara ya kasa kunne ya jira inda aka saki ya faɗa ciki. Ba su sani ba ne, domin an ba su na'ura ba a ba su karatunta ba.

Kada ku ɗauka wannan matsalar marasa horo ce kawai. Ranar 27 ga Maris, 1977, a filin jirgin sama na Los Rodeos da ke tsibirin Tenerif na ƙasar Sifaniya, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka, suna kan titin tashi guda. Hazo ya rufe ko'ina, jiragen ba sa ganin juna, hasumiya ma ba ta ganin su. Jirgin KLM ya fara gudun tashi. Mai hasumiya ya ce masa ya dakata, zai kira shi. A daidai wannan lokacin matuƙan Pan Am su ma suka danna nasu suna cewa har yanzu fa suna kan titin. Da ɗaya daga cikin saƙonnin nan biyu ya shiga kunne sarai, akwai kyakkyawan zaton da an taka birki. Amma da yake tare suka fita, abin da matuƙan KLM suka ji shi ne kalmar farko ta mai hasumiya, wadda ta yi kama da amincewa, sai wata ƙara mai tsini ta rufe sauran. Mutum 583 suka mutu, kuma har yau ba a yi hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Masu bincike ba su ce karon nan kaɗai ne sanadi ba, babban abin shi ne jirgi ya tashi ba da izini ba. Sai dai damar ƙarshe ta gyara kuskuren, a kan layi ta salwanta. Ku lura kuma da cewa jiragen sama da AM suke magana, shi ya sa ma aka ji ƙarar. Tamu ta FM sau da yawa ko wannan gargaɗin ba ta bayarwa.

Daga irin waɗannan abubuwa aka ƙara tsaurara ƙa'idar magana a sararin sama. Matuƙin da ke ɗaukar alhazanmu daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ba ya amsa umarnin hasumiya da "to" kawai. Sai ya maimaita abin da aka ce masa, domin wanda ya faɗa ya ji da kunnensa cewa abin da ya faɗa ne ya isa. Wannan kyauta ne, ba a sayen sa, mu ma za mu iya.

To yaya ake tabbatar da layi a buɗe yake? Abin da yaranku suka ɗauka shi ne in na'ura ta yi shiru, shi ke nan. Ba haka ba ne, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku.

Akwai shirun da ke tsakanin tambaya da amsa. Kwantirol ya tambayi wani abu ya ce oba, wanda aka tambaya yana ciro na'ura daga ƙugu, ko yana leƙawa ya tabbatar kafin ya amsa. Wannan shirun na masu maganar ne. Wanda ya kunna tasa yanzu, ko ya juyo daga wani layi, bai san an fara wata magana ba, dole ya saurara na ɗan lokaci, ya ƙirga a ransa zuwa biyar ko goma, ya kuma dubi 'yar fitilar da ke jikin na'urar. In kore ce, tana karɓar wani. In ja ce, shi ne ke kan iska.

Akwai kuma shirun da mu masu sa layi muke haddasawa da hannunmu. Idan ƙungiya ta zo ta ce tana jin muryoyin wasu mutane a layinta, abin da ake yi mata shi ne a sa mata abin da 'yan kasuwa ke kira kod, ko lambar sirri. A jikin na'urar CTCSS ko DCS ake rubutawa. Na farkon wani amo ne mai kauri, tsakanin haz 67 da 254, da ke tafiya ƙarƙashin murya. Na'urarka ba za ta buɗe lasifika ba sai ta ji amon ƙungiyarku. Shi ke nan aikinsa. Bai ba ku sabon layi ba, bai kori waɗancan mutanen ba. Suna nan a kan mitar, ku ne kuka daina jin su. In suna magana ka danna, ka hau kansu. In suka fi ka ƙarfi, sun shafe ka, kai kuma ba ka san dalili ba, sai ka zo wurina ka ce na'ura ba ta ja. Maganin wannan yana jikin na'urar. A Baofeng UV-5R, wadda ta cika gari, ƙarƙashin maɓallin magana akwai wani ƙarami da aka rubuta MONI. Kusan duk yaron da na tambaya, abin da ya sani game da shi shi ne yana kunna tocila. Gaskiya ne, in ka taɓa ka saki tocila yake kunnawa. Amma in ka danne ka riƙe, sai ya buɗe kunnen na'urar gaba ɗaya, ka ji duk abin da ke kan mitar, da kod da babu kod. In shuuu kawai ka ji, babu kowa kusa. In ka ji murya, ka jira. Duk ƙungiyar da ke amfani da kod, wajibi ne yaranta su san wannan maɓallin kamar yadda suka san na magana.

Tun da na ambaci lambar sirri, bari in faɗi gaskiya: babu wani sirri a cikinta. Duk wanda ya sayi irin na'urar a kasuwa ya bar tasa babu kod, yana jin ku tas. 'Yan sintiri musamman su kiyaye. Kada a riƙa ambaton sunan mutum, ko yawan waɗanda ke bakin aiki, ko lokacin da za a tashi daga shinge.

Shiru na uku shi ya fi wuyar sha'ani, domin ko MONI ba ya maganinsa. Oba-oba ta hannu ba ta da nisan da ake rubutawa a jikin kwali. A cikin gari, tsakanin gine-gine, da wuya ta wuce 'yan kilomitoci kaɗan. A ce akwai mutum a Mabera, akwai wani a Runjin Sambo, kwantirol yana tsakaninsu da eriya a saman bene. Kwantirol na jin su duka, su kuwa ba sa jin juna. Na Runjin Sambo na tsakiyar ba da rahoto, na Mabera ya saurara, ya danna MONI, ya ji babu kowa, ya fara nasa da zuciya ɗaya. A kunnen kwantirol sun yi karo. A nan saurare kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da neman izini. Mu kuwa ba baƙin wannan ba ne. Ba ma faɗawa gidan mutum sai da sallama, kuma hadisin Abu Musal Ash'ari da ke cikin Bukhari da Muslim ya koya mana neman izini sau uku ne, in ba a amsa ba a juya. Haka za a yi a kan layi. Kira na farko ya zama gajere: "Kwantirol, Mabera ce, oba." Sai a saki a jira. In an yi karo, ɗan abu kaɗan aka ɓata. Shi kuma mai kwantirol, da yake shi ke jin kowa, shi zai raba: "Mabera dakata, Runjin Sambo ci gaba." Ba a fara zuba rahoto sai an ji "ci gaba". Masu rediyon sha'awa a duniya, waɗanda ke magana tsakanin ƙasa da ƙasa, haka suke yi tun zamanin buga waya: kafin mutum ya yi kira sai ya tambaya ko akwai mai amfani da mitar, a taƙaice QRL da alamar tambaya, ya saurara, ya sake tambaya. Suna yi ne saboda sun san akwai yiwuwar wani na magana da wanda su ba sa ji.

Idan an ba ka layi kuma, danna ka ɗan numfasa kafin ka fara. Na'urar da ke karɓa tana bukatar ɗan lokaci ta buɗe, balle in ana bi ta rifita, wato na'urar da ke karɓar magana ta sake watsa ta nesa. Masu fara magana tare da dannawa kalmarsu ta farko ke yankewa, kuma sau da yawa ita ce sunan wanda ake kira, ko "kada" da ke gaban umarni.

Yanzu ga maganar da ta fi mini nauyi a baki, ku yi mini afuwa. Waɗanda suka fi kowa daɗewa a kan layi ba yara ba ne, manya ne. Tarbiyyarmu ce ta gaisuwa, kuma ina alfahari da ita: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da jama'a. Amma wurinta fuska da fuska ne, ko a waya. A kan layin da mutum talatin ko hamsin ke rabawa, duk lokacin da aka ɗauka ana gaisawa, an rufe bakin kowa ne. Tarbiyyarmu ce kuma ƙarami ba ya katse babba. Yaro zai ga hayaƙi na tashi, ko ya ga turereniya ta fara a bakin ƙofa, ya ji kwamanda na magana, ya tsaya yana jira saboda kunya. Ku ne kaɗai za ku iya cire masa wannan kunyar. Ku tsaya a gaban fareti ku faɗa da bakinku cewa a kan oba-oba mai gaggawa ya fi kwamanda. Ku tsayar da kalma guda da kowa ya sani, ko da "gaggawa" ce sau uku, wadda in aka ji ta kowa zai ɗauke yatsa, har shugaba, sai kwantirol ya sallami layi. Wanda ya yi wasa da ita a karɓe na'urarsa. Amma fa ku tuna, kalmar nan ba ta iya ratsa maganar wani ta shiga. Sai an bar mata ƙofa. Don haka duk mai dogon bayani ya riƙa yanka shi gida-gida, ya saki maɓalli, ya ƙirga uku, sannan ya ci gaba. Wanda za a ba amsa shi ma ya ɗan jinkirta kafin ya danna. A cikin wannan 'yar tazarar ne mai neman ɗauki yake samun shiga.

Ma'aikatan rediyon jiragen ruwa sun daɗe da gane wannan. A da, a mitar neman agaji ta kilohaz 2182, ƙa'idar ita ce sau biyu a kowace awa, da cikar awa da kuma rabinta, kowa ya yi tsit na minti 3. Har agogon ɗakin rediyo akan yi wa fenti a daidai waɗannan mintoci don kada a manta. Dalili kuwa shi ne a ba jirgin da ke nesa, ko wanda wutarsa ta kusa ƙarewa, damar a ji shi. Mutanen da ba su san juna ba, harsunansu daban-daban, suka yarda su rufe baki saboda wani mai rauni da wataƙila ma babu shi a wannan daren. Me zai hana 'yan sintirinmu su ɗauki irin wannan? Kwantirol ya riƙa tsayar da kowa lokaci-lokaci, ya kira na nesa ɗaya bayan ɗaya da sunan wurinsu, ya jira amsar kowanne. Wanda bai amsa ba a tura a dubo shi.

Akwai abin da na'urar kanta za ta taimaka da shi in an saita ta, kuma ba ya cin kuɗi. A UV-5R, lamba 9 a jerin saituna ita ce TOT, mai yanke magana in ta wuce lokacin da aka ɗiba. A sa ta a daƙiƙa 45 ko 60. Amfaninta ya wuce hana surutu. Sau da yawa abin da ke kashe layi gaba ɗaya shi ne maɓalli ya danne a ƙugu, ko mutum ya zauna a kan tasa a kan babur, ko wayar abin kunne ta lalace. Sai a yi ta jin ƙarar inji da hirar da ba a yi da kowa ba, mai ita kuwa ba a iya gaya masa, domin kunnen na'urarsa a toshe yake. Lamba 4 ita ce VOX, mai sa na'ura ta hau iska da kanta in ta ji sauti. A cikin taro, kusa da lasifikar masallaci, wannan masifa ce, a kashe ta. A hana yara wasa da maɓallin CALL, domin in aka danne shi jiniya yake tayarwa, kuma a wasu saitunan jiniyar har kan layi take fita. Lamba 23 kuwa, BCL, tana hana na'ura fitar da magana muddin tana jin wani a kan mitar. Ina ganin ya dace a kunna ta a na'urorin sabbin shiga. Sai dai kada a dogara da ita, don abin da ta ji kawai take karewa, na Mabera da na Runjin Sambo ba ta raba su.

Sauran magana tsakaninku ce ku shugabanni. Ƙananan na'urorin nan masu layi 16, irin su BF-888S, yawanci da mitoci iri ɗaya suke fitowa daga masana'anta. Ƙungiya ta sayi kwali, masu gadin wata makaranta su sayi nasu, 'yan sintirin unguwa su sayi nasu, kowa ya murɗa zuwa layi na ɗaya, kowa yana ganin nasa ne. Ranar da aka haɗu wuri guda, a Fakon Idi, ko wajen tafsiri da tahajjud a goman ƙarshe, ko ranar da baƙi suka cika Hubbaren Shehu, sai layi ya rikice, kowa na zargin ɗan'uwansa da kutse. Zama ɗaya ya isa ya warware wannan. Kafin kowane babban taro, wakilan ƙungiyoyi su zauna su raba layi a rubuce, a ware guda na gaggawa wanda duk kwantirol zai riƙa saurare, ba a hira a kansa. Kuma a hana yara buga lambobi barkatai a na'urori masu madannai. UV-5R tana ɗaukar megahaz 136 zuwa 174, da wani zangon daga 400 zuwa sama, a ciki akwai mitocin da aka ba wasu da lasisi. Iska tana da masu rabon ta a ƙasar nan, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa NCC da Ma'aikatar Sadarwa ta tarayya. Ƙungiya mai rajista da ke son layin da za ta kira nata, ta bi ta hannunsu.

Ban manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga. A wancan lokacin mutane da yawa suka gane cewa oba-oba ba ta bukatar turken kamfani, ba ta bukatar kati. 'Yan'uwanmu na gabas, wajen Isa, Sabon Birni, Goronyo da Rabah, akwai daren da wannan 'yar na'urar ce kawai tsakanin mai tsaron bakin gari da mutanen da ke barci. A irin wannan dare mutum ba ya samun damar kira sau biyu. Kuma abin da yatsa ya saba yi a ranar idi, shi zai yi a ranar tashin hankali. Shi ya sa nake so a koyar tun yanzu, lokacin da kuskure bai wuce a sake maimaitawa ba.

Koyarwar ba ta da wahala. Na'ura uku sun isa. A ajiye ɗaya a tsakiyar fili kowa ya kewaye ta, a tura yaro ɗaya nesa, ɗaya ya tsaya kusa, a ce su danna tare kowa ya karanta abin da aka rubuta masa. Jama'a za su ji na kusa raɗau. Sai a kira na nesa a tambaye shi ko ya yi magana, ya rantse ya yi. Duk wanda ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar dogon wa'azi. Daga nan a nuna musu koren fitila da ja, a sa kowa ya danne MONI ya ji shuuu da kunnensa, a yi atisayen gajeren kira da jira, a yi na kalmar gaggawa, shugaba yana cikin magana ƙaramin yaro ya shigo ta tazara, shugaba ya yi shiru a gaban kowa.

Ni da wasu abokan sana'ata a shirye muke mu zo wurin faretinku mu yi wannan nunin, mu kuma saita na'urorin da kuke da su, ba tare da an biya mu ba. Abin da muke nema a wurinku shi ne ku tsayar da rana kafin babban taro na gaba, ku tara yaran da na'urorinsu da cajinsu a cike, kwamandoji kuma su zo da nasu.

Allah ya tsare ku, ya tsare waɗanda kuke tsarewa, ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku kuma ƙaninku,
Mai gyaran rediyo da oba-oba,
Sakkwato.